Wace kalma za mu sa wa "free practice" na tseren Formula 1?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin tseren motoci. Kalma guda ce ta kawo ni. Duk makon da ake Formula 1 nakan rubuta wa abokai taƙaitaccen bayanin yadda aka kwashe. Na ranar tsere ba ya ba ni wahala, tsere ne, kowa ya gane. Inda nake cijewa shi ne fitowar nan uku da motoci ke yi tun kafin a fara neman matsayi (wato gurbin da kowace mota za ta tashi daga shi ranar tsere), wadda masu sharhin Ingilishi ke kira free practice, a allo kuma a rubuta FP1, FP2, FP3. Wani ya ce atisaye, wani ya ce gwaji, wani ya bar ta da Turancinta. Ina so mu tsayar da ɗaya.

Ga wanda bai saba kallo ba, yawanci ana buɗe fili sau biyu ranar Juma'a, sau ɗaya ranar Asabar, kowanne awa guda. Kafin 2021 na Juma'a awa ɗaya da rabi ne, aka rage. Babu maki, babu kofi. Direba ya fita sa'ad da ƙungiyarsa ta ga dama, ya yi 'yan zagaye, ya dawo gareji, kanikawa su taɓa nan su taɓa can, a sake fita.

Ni dai atisaye ba ta kwanta mini ba. Atisaye na soja ne da ɗan ƙwallo, mutum ake horarwa. Lewis Hamilton, mai kambun duniya 7, ba koyon tuƙi ke kai shi filin Silverstone na Ingila ranar Juma'a ba. Ya san kowace kwana ta filin nan tun yana matashi. Motar bana ce ba ta san filin ba.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nasiru, sannu da ƙoƙari. Kafin ku ƙera sabuwa ku duba ta gida. Mu masu doki muna da kilisa. Idan hawa ya matso, da yamma ka fita da dokinka, gaɓoɓinsa su saki, ka ga tafiyarsa, ka ji ko linzami ya zauna, ko sirdi na cin bayansa. Ba wanda kake neman tsere wa. Sukuwa daban, kilisa daban, abin da ka bayyana kuwa kilisa na ji.

Nasiru: Baba, Allah ya ƙara girma. Kalmar ta yi mini daɗi ƙwarai, kuma ta kama rabin ma'anar. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne duk wanda ya ji kilisa zai ɗauka tafiya ce ta nishaɗi, a natse. A can kuwa gudun ya wuce kilomita 300 a awa, kuma ana yin ɓarna ta gaske. A filin Monza na Italiya a 2024, Kimi Antonelli ya karɓi motar Mercedes a fitowar farko, cikin 'yan mintoci ya maka ta da shinge a kwanar Parabolica. A Las Vegas a 2023 murfin wani rami na titi ya ɓalle ya farfasa ƙasan Ferrari ta Carlos Sainz, aka soke fitowar ba a ko cika minti 10 ba, ta biyu kuma sai ƙarfe 2:30 na dare aka fara ta. Sainz ya sauya kayan da suka lalace, aka mayar da shi baya da gurbi 10 a ranar tsere. Ina jin nauyin kiran wannan kilisa.

Rabi daga Maraɗi: Sannunku. Mu nan da Faransanci muke jin sharhin, essais libres suke cewa, wato gwaji. Larabawa ma tajarub suke cewa, gwaje-gwaje ke nan. Ingilishi ne ke jan ku zuwa atisaye. Roƙona guda, kada wani ya fassara free ya ce kyauta, na taɓa ganin an rubuta "atisayen kyauta" kamar ba a biyan kuɗin shiga. Nufin kalmar shi ne an sakar wa kowace ƙungiya mara ta yi tsarin da take so. Ni ina kan gwaji kawai. Gwaji na ɗaya, na biyu, na uku.

Sagir: Hajiya Rabi, kin kusa, amma gwaji shi kaɗai zai yi karo da wani abu. Akwai gwajin da ake yi kafin a buɗe kakar tsere, wanda a shekarun nan ake yi a Bahrain, inda ake fito da sababbin motoci a ga ko suna aiki ma tukuna. Idan muka kira su duka gwaji, mai karatu zai rikice a watan Fabrairu da Maris.

Bari in faɗi abin da ake yi a awannin nan uku, wataƙila sunan ya fito da kansa. Tun 2009 aka taƙaita gwajin mota a tsakiyar kaka, saboda haka kusan nan ne kaɗai ƙungiya ke ɗora motarta a kan kwalta ta gaske. Suna zuwa da lissafin kwamfuta, sai fili ya gaskata shi ko ya ƙaryata. Shi ya sa a fitowar farko za ka ga an shafa wa mota wani koren fenti mai ruwa-ruwa, iska ta ja shi, a dawo a duba ta inda ta bi. Ko ka ga an kafa mata raga ta ƙarfe cike da na'urorin auna iska.

Sai a shiga saiti. Fiffike ya miƙe ko ya kwanta: Monza na son kwantacce saboda dogayen miƙaƙƙun hanyoyi, Monako na son miƙaƙƙe saboda kwana a kan kwana. Tsayin mota daga ƙasa, taurin shakazoba, rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. Direba ya ce hancinta na ƙin shiga kwana, ko bayanta na neman zamewa, injiniya ya dubi alƙaluma, kanikawa su kwance su ɗaure.

Ga kuma taya, wadda ita ce uwar lissafin. Kamfanin Pirelli ke kawo wa kowa tun 2011: mai jan zobe laushi gare ta, tana da sauri amma ba ta jimawa, mai rawaya tsaka-tsaki, mai fari tauri. A fitowa ta biyu sukan yi abu biyu. Su zuba mai kaɗan, su sa jar taya, su yi zagaye guda da iyakar gudu. Sannan su cika tanki su yi ta zagaye don su ga bayan nawa tayar ke gajiya, domin tun 2010 ba a ƙara mai a tsakiyar tsere, da nauyinka za ka tashi. A Bahrain da Singafo wannan fitowa ta biyu ce mai daraja, don ita ke faɗowa da dare, lokacin da kwalta ta yi sanyi irin na lokacin tseren.

Da zarar mota ta fita neman matsayi an rufe ƙofa, doka ta hana a sauya manyan saitin, wanda ya sauya kuwa daga layin gareji zai tashi. To ni a ganina sunan shi ne gwajin saiti. Ba baƙuwar kalma ba ce, kowane gareji a ƙasar Hausa ana cewa a saita mota, saitin bai yi ba.

Abba: Yaya Sagir, ya yi tsawo. Me zai hana gwajin Juma'a?

Sagir: Abba, na uku ai Asabar ake yi. Monako ta daɗe tana yin nata ranar Alhamis, sai 2022 ta koma Juma'a. Las Vegas Alhamis take farawa. A 2024 Bahrain da Jidda duka Asabar aka yi tserensu saboda azumi na gabatowa, gwajin ya koma Alhamis. Sunan da aka ɗaura wa rana ba zai yi ƙarko ba. Tsawo kuma, gaɓa huɗu ce.

Rabi daga Maraɗi: Na karɓi dalilin gwajin Bahrain na kafin kaka. Amma ina da ja a kan maganar Nasiru cewa mota kaɗai ake gwadawa. Tun 2022 doka ta tilasta wa kowace ƙungiya ta ba sabon direba fitowar farko sau biyu a kaka, a 2025 aka mai da shi huɗu. Max Verstappen a filin Suzuka na Japan ya fara a 2014, kwana kaɗan bayan ya cika 17. Susie Wolff ta fita da Williams a Silverstone a shekarar, mace ta farko a makon tsere tun 1992. Wanda ya fi tsaya mini a rai Oliver Bearman ne a Jidda a 2024. Ciwon afendis ya kwantar da Sainz, aka kira yaro ɗan shekara 18, awa gudan nan ta fitowa ta uku kaɗai ya samu, ya tashi na 11, ya gama na 7 da Ferrari. Wannan awar ba atisaye ba ce a wurinsa?

Nasiru: Hajiya, a wurinsa atisaye ce, kuma ranar da nake ba da labarin Bearman zan iya cewa awa guda ya samu ta sabawa da mota. Amma suna na bin abin da ya fi yawa. Sabon direban ma takardar aiki ake miƙa masa: gwada mana wannan fiffiken, auna mana wannan tayar, ka dawo da motar lafiya mai ita na jira.

Akwai kuma amfanin da nake hango wa gwajin saiti. Kowace Juma'a sai wani ya turo mini cewa wane ya zo na ɗaya, ke nan shi zai ci. Atisaye ba ta hana wannan fahimtar, gwaji kaɗai ma haka. Amma wanda ya karanta "ya fi sauri a gwajin saiti na biyu" zai tsaya ya tambaya, da wace taya, da mai nawa a tanki, an sakar wa injin ƙarfinsa ko an danne. Tambayoyin da mai bin tseren nan ya kamata ya yi ke nan.

Saboda haka daga wannan makon zan rubuta gwajin saiti na ɗaya, na biyu, na uku. A makon da ake ɗan gajeren tseren nan na kilomita 100, wanda aka fara a 2021, gwajin saiti guda ne tak. Na Bahrain kuma gwajin kafin kaka.

Malam Habu: Na ji hujjarku, Allah ya yi albarka. Amma zagayen nan da suke yi a jere, a hankali, suna karkaɗa mota hagu da dama don taya ta ɗau zafi kafin fitilu su mutu a fara tsere, wannan kam kada ku nema masa wani suna. Zagayen kilisa ne.

Sagir: Wannan ba musu, Baba. Nasiru, saura neman matsayin Asabar. Ni neman sahu nake cewa, tunda bibbiyu suke jeruwa, wanda ya fi sauri ya samu kan sahu. Hajiya Rabi, ku can me kuke ce masa?