Azara ta yi tsada, katako ba ya ƙarko: da me za a yi rufi?

Ɗan Daura: Assalamu alaikum. Ruwan daminar bana ya rushe gefe guda na rufin zauren gidanmu na gado. Azarar da muka zaro daga ciki, wadda aka ɗora tun zamanin kakanmu, har yanzu ƙusa ba ta shigarta sai da ƙyar, amma wadda na taya a kasuwa fara ce mai laushi, ga kuma tsada. Maƙwabcina ya yi rufin kwano da katako, bai kai shekara biyar ba gara ta cinye shi. Ina neman shawarar masana: akwai wata hanyar rufi da ba ta buƙatar itace?

Tsohon Magini: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka gani a kasuwa giginya ce da aka sare tun ba ta ƙosa ba. Azarar kirki daga namijin giginya ake tsaga ta, wanda ya shekara gommai a tsaye, kuma ɓangaren waje mai baƙi-baƙi ake ɗauka, domin cikin ɓargo ne kawai. Da irinta Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizo, wato ginin baka da ke riƙe da rufi, na Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Yanzu manyan sun yi ƙaranci, ƙananan kuma ba a bari su tashi, tunda ƙwallon da ya kamata ya zama itace shi ake binnewa a tone a matsayin muruci. Kada ka yar da tsohuwar azararka. Ka ƙwanƙwasa kowace, wadda ta yi amo ka mayar da ita.

Ba'are daga Dogon Dutsi: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai tsohuwar ba za ta ishe shi ba. A nan Nijar akwai abin da ake kira gini ba katako, wanda aka fara gwadawa a Cikal da ke yankin Filinge a 1980, bisa dabarar mutanen Nuba na kudancin Masar. Ana buga ƙananan tubalan laka, a jera su a karkace kowane layi yana jingine da na bayansa, har rufin ya haɗe ya zama baka ko tulluwa, ba azara, ba kwano, ba ma sandar tokara. Ɗakin yana da sanyi a bazara. Sharaɗinsa biyu: bango mai kauri da zai ɗauki turin rufin, da kuma yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Wanda bai koya a hannun gwani ba kada ya taɓa, domin kuskure kaɗan kan rufto da ɗaki.

Injiniya a Kano: Ni a ganina bangon tsohon zaure ba lallai ya jure wannan nauyi ba, don haka dabarar ta fi dacewa da sabon gini. Ga gyara irin naka, Malam, ƙarfen rufi da mai walda zai haɗa ya fi aminci, ko da yake kuɗinsa a farko ya fi na katako. Idan katakon ya zama dole, a nemi busasshe, a jiƙa shi da maganin gara. Baƙin man da kafintoci ke shafawa a sama ba ya ratsa ciki.

Ɗan Daura: Na gode ƙwarai. Na ƙwanƙwasa su kamar yadda Baba ya ce, kusan rabi sun yi amo. Injiniya, ana iya haɗa su da ƙarfe a rufi ɗaya?