Contingent liability da Hausa: na tsaya a kan "bashin wataƙila"

'Yan uwa masu fassara labaran kasuwanci a gidajen rediyon Gombe da Bauchi, ga matsayina kan kalmar nan da ta hana mu sakat, contingent liability, wato kuɗin da mai yiwuwa kamfani ya biya nan gaba, mai yiwuwa kuma ba zai biya ba. Sunaye huɗu aka kawo: kuɗin ko-ta-kwana, bashin jiran hukunci, lamuni, da bashin wataƙila. Na ƙarshen nake goya wa baya. Amma sai mun fara daidaita abin da ake nufi, don rabin gardamar daga nan ta taso.

Tun 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Legas suke rubuta rahoton kuɗinsu bisa ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya da ake kira IFRS. A cikinsu akwai mai lamba IAS 37, wadda ta kasa ƙarar da aka kai kamfani gida uku. In lauyoyinsa sun ga alamar za a kayar da shi ta fi rinjaye, kuma ana iya ƙiyasta kuɗin, dole a rubuta adadin cikin lissafi, a zabtare shi daga ribar shekarar. In abin yana iya faruwa amma bai rinjaya ba, ko kuma ƙiyasin ya gagara, ba a taɓa riba. Sai dai a yi bayaninsa can baya, a shafukan nan masu ƙananan rubutu da mai karatu kan gaji kafin ya kai. In kuwa yiwuwar ta yi nisa ƙwarai, ko ambatonsa ba a yi. Na tsakiyar nan muke raɗa wa suna.

Da wannan, ko-ta-kwana ta faɗi. Duk wanda ya ji ta zai ɗauka an ware wasu kuɗi an ajiye, alhali ko kwabo ba a ware ba. Gida na farko ma ni "tanadi" zan ce masa, in kuma ja kunnen mai sauraro cewa tanadin a takarda yake, ba a asusu ba.

Barista da ya rubuto daga Bauchi, ranka ya daɗe, bashin jiran hukunci ya yi daɗin faɗi, kuma a labarin kotu zalla zan iya aronsa. Sai dai rigar ta yi wa abin kaɗan. Kamfani kan tsaya wa reshensa ya karɓi rance a banki. Babu alƙali, babu ƙara, amma in reshen ya gaza biya, wuyan uwar kamfani za a kama. Haka saɓani da hukumar haraji da bai kai gaban kowa ba tukuna. Duk a shafi ɗaya ake jera su. Malam da ya kawo lamuni daga littattafan fiƙihu, Allah ya ƙara sani, shi ma ɓangare ɗaya ya kama: tsayawar nan ita ce lamuni, amma wanda aka maka a kotu bai lamunce wa kowa komai ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na Hajiya, mai koyar da lissafin kuɗi a nan Gombe. Ta ce kalmar ta yi kama da raha, yara za su yi dariya a aji, tunda kowa ya san an ce wataƙila ta hana Bature ƙarya. Hajiya, ai aikin shafin ke nan. Kamfani bai amsa cewa ana binsa ba, bai kuma ɓoye ba, gobe ko ta ina ta faɗi ba wanda zai ce ya yi ƙarya.

Dubi MTN, kamfanin Afirka ta Kudu. A watan Agustan 2018 Babban Bankin Najeriya ya umarci MTN ya dawo da dala biliyan 8.1 da ya ce an fitar ba bisa ƙa'ida ba. Kafin Disamba ta ƙare an sasanta a kan kimanin dala miliyan 53. A shekarar dai Antoni Janar ya nemi harajin kusan dala biliyan 2, ya kuma janye a Janairun 2020, ya miƙa batun ga hukumomin haraji da kwastam. Da mai fassara ya shiga ɗakin watsa labarai ya ce "ana bin MTN bashin dala biliyan 8.1", da ya yaudari jama'a. Amma tarar da hukumar sadarwa ta NCC ta ci MTN a 2015 kan layukan da ba a yi wa rajista ba, wadda ta fara daga naira tiriliyan 1.04, ranar da aka sasanta a kan naira biliyan 330 a Yunin 2016 ta zama bashi sak, "wataƙila" ta fita daga ciki. Kalmar da za mu ɗauka dole ta iya rarrabe waɗannan biyun a kunnen direban da ke sauraro a tashar Dukku.

Kada kuma a ce wannan lamarin mutanen Legas ne. Simintin Ashaka da ke ƙaramar hukumar Funakaye ya daɗe a ƙarƙashin Lafarge, kuma akwai dattawa a Bajoga da Gombe da suka riƙe takardun hannun jarinsa shekara da shekaru. Lafarge ta Faransa, tsohuwar uwar kamfanin, ce ta amsa laifi a wata kotun Amurka a Oktoban 2022 kan kuɗin da aka biya ƙungiyoyin 'yan ta'adda a Siriya, aka ci ta tarar kusan dala miliyan 778. Shari'ar ba ta shafi Ashaka ba. Na kawo ta ne don irin wannan ƙara takan shekara da shekaru tana tafiya, kuma mai son sanin inda ta kwana a waɗancan shafukan baya zai duba.

Wani ya tambayi jadawalin ma'aikata da ke cikin rahoton kuɗin kamfani. Wannan bai kai a yi masa taro ba, amma a yi hattara da cewa "yawan ma'aikatan kamfanin". Galibi waɗanda ke kan takardar albashinsa ake ƙirgawa. Masu gadi, masu lodin buhu, direbobin tirela da ɗan kwangila ya kawo, sau da yawa ba sa ciki, kuɗinsu yana can an cusa a wani layi na ayyukan da aka saya. Ni "ma'aikatan da ke kan albashin kamfanin" nake cewa, ko da ya fi tsawo. Abin da ke ba ni haushi, mutumin da ba a ƙirga a wannan jadawali ba, in ya ji ciwo a bakin aiki ya garzaya Kotun Ma'aikata, a nan ne zai iya shiga rahoton, a dunƙule cikin jimillar bashin wataƙila, ba suna.

Ga yadda zan karanta shi a labarai: "Kamfanin ya bayyana bashin wataƙila na naira kaza, wato kuɗin da zai iya biya in ƙararrakin da ke kansa ba su yi masa kyau ba." Bayan wata biyu ana maimaitawa, sai a yar da "wato".

Saura kishiyarsa, contingent asset, kuɗin da kamfani ke sa ran samu in shi ya yi nasara. "Dukiyar wataƙila" ta ƙi zama min a baki, "rabon wataƙila" kuma ya yi kama da caca. Barista, Hajiya, me kuka gani?