An ce ni zan sa hannu a takardar zanga-zangar unguwarmu, wanda ya taɓa shiga ya ba ni shawara

Malamin Firamare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da taransifomar unguwarmu ta ƙone, amma bil bai fasa zuwa ba. Mun rubuta takarda sau uku, mun je da mai unguwa sau biyu, kullum sai a ce ana kan aiki. Yanzu kwamiti ya yanke cewa ranar Litinin za mu taka da ƙafa har ofishin kamfanin wuta, dattawa a gaba, mata a baya, da kwalaye a hannu, ba ashar ba jifa. Ni ne sakatare, don haka an ce ni zan sa hannu a takardar sanar da 'yan sanda. Maiɗakina ta ce in na sa hannu kada in dawo mata da labari. Tambayata biyu ce: idan ɓata-gari suka kutsa cikinmu, mai sa hannu za a nema? Kuma akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan 'yar ƙaramar fita ta dawo da wuta?

Mai Sola Na Sabon Gari: Wa alaikumus salam Malam. Ka huta da wahala, ka sa sola. Da dubu ɗari huɗu za ka samu ƙwai da fanka da caji. Yi mini magana ta akwati.

Ɗan Kurmi: Dubu ɗari huɗu a wace shekara? Batir ɗaya ya kusa cinye wannan kuɗin. Kuma mutum ya ce maka shi malamin firamare ne.

Baba Tsohon Ma'aikaci: Malam, ni na ga ta yi aiki da idona. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta janye tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Mun zauna a shataletalen Silver Jubilee a nan Kano, Kiristoci suka zagaye mu muka yi sallah. Ranar 9 ga wata ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki, bankuna da kasuwanni da filayen jirgi suka tsaya cak. Bayan mako guda lita ta dawo 97. Amma ku lura, yara: ba ihunmu ne ya sauke farashi ba, rufe aljihun gwamnati ne. Ku me za ku rufe wa kamfanin nan ranar Litinin?

Maman Khalifa: Malam don girman Allah kada ka sa hannu. Ni ban karanta dokoki ba, abin da ya same mu zan faɗa. Ƙanena gyaran waya yake koya. Ranar 1 ga Agustan 2024, ranar da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, ko kwali bai riƙe ba. Ubangidansa ne ya kira shi ya ce ya je ya ƙara wa shago kwaɗo saboda an fara fashe-fashe. A hanyar dawowa aka harba barkonon tsohuwa, kowa ya gudu, shi ma ya gudu, aka kwashe su a mota. Kafin dare an sa dokar hana fita ta awa 24, ba halin mu fita nemansa. Kwana biyar ba mu san inda yake ba. Mahaifiyarmu ta aika yayanmu har ɗakin ajiye gawa ya duba.

Da muka same shi, ya rame, ƙafarsa a kumbure, an rubuta sunansa cikin masu ɗiban kaya. Kwana 23 ya yi. Keken ɗinkina na sayar, Inna ta sayar da akuyoyinta biyu, lauya da zirga-zirga da abincin da muke kai masa sun ci mana kusan dubu ɗari uku. Waɗanda suka kira mutane su fito a Facebook ko ɗaya ban gani a ƙofar wurin ba. Mu ma mun gode Allah, don kun ga yaran da aka kai kotun tarayya a Abuja a farkon Nuwamba, suna faɗuwa saboda galabaita, sai da duniya ta yi ca kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su. Har yau in ya ji jiniya sai ya shige ɗaki. Shinkafar da aka fita dominta kuma ta sauko a lokacin? Ba ta sauko ba.

Ɗan Kurmi: Allah ya saka muku Hajiya. Amma dubu ɗari uku? An cuce ku. Yaron maƙwabcina dubu arba'in aka kashe ya fito.

Maman Khalifa: To ka je ka tambayi maƙwabcin naka wa ya sani a sama.

Ɗalibin Lauya: Beli kyauta ne a doka. Malam, ga amsar tambayarka ta farko. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ku 'yancin taruwa cikin lumana, kuma tun 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba a buƙatar izinin 'yan sanda, a shari'ar da ANPP da wasu jam'iyyu suka yi da Sufeto Janar. Sanarwa kuke yi don a ba ku tsaro. Ku sa hannu ku uku ko huɗu har da mai unguwa, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

Gwauron Dare: "Beli kyauta ne." Ni ma na karanta a jikin bango, ranar da na biya.

Maman Khalifa: Ɗan nan, ka gama makarantar tukuna. Sashe na 40 bai kai wa ƙanena ko ruwan leda ba.

Abu Yasmin Landan: Matsalarmu rashin haƙuri da rashin tsari. Gandhi tafiyar gishiri ya yi a 1930, Indiya ba ta samu 'yanci ba sai 1947. A Kenya matasa sun sa Shugaba Ruto ya janye ƙudurin dokar haraji a Yunin 2024. Ko EndSARS, an rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga Oktoban 2020. Ku fita, tsoro ne ya kai mu inda muke.

Ɗan Kurmi: Alhaji daga Ingila ake ce mana mu fita? Ka yanki tikiti ka zo ka riƙe tuta a gaba. Ka kuma manta da harbin daren 20 ga Oktoban 2020 a Lekki ta Legas, da waɗanda aka harbe a gaban majalisar Kenya.

Abu Yasmin Landan: Zama a waje bai cire ni daga ɗan ƙasa ba. Gidan mahaifina ma babu wuta.

Gwauron Dare: Amma akwai fam.

Ɗan Mai Wurno: Ni daga Sudan nake rubutu, ku yi mini uzurin Hausata. A 2019 na kwana a dandalin zaman dirshan gaban hedikwatar soja a Khartoum. Ko sanda ba mu da ita, Bashir ya faɗi ranar 11 ga Afrilu bayan shekara 30. Ranar 3 ga Yuni, ana cikin azumi, aka tarwatsa mu da harsashi. A 2023 masu bindiga suka juya wa juna, ga mu yau a warwatse. In ka tambaye ni ko lumana ta yi aiki, zan ce ta kayar da mutum ɗaya. Abin da ya hallaka ƙasar bindiga ce. Amma taransifoma ba fadar shugaban ƙasa ba ce, Malam, ban san me ya sa ake tsorata ka da manyan labarai ba.

Malamin Firamare: Na gode Baba da Hajiya da kowa. Baba, tambayarka ta tsaya mini a rai. Mu gida kusan ɗari biyu ne, ko mu haɗu mu daina biyan bil gaba ɗaya? Wasu kuma na cewa a bar fitar, a yi karo-karo a sayi sabuwa.

Injiniya Ba Satifiket: Kada ku saya! Hukumar NERC mai sa ido kan kamfanonin wuta ta sha faɗa cewa sayen taransifoma da turaku aikin kamfani ne. Ku kai ƙorafi wurin hukumar a rubuce. Ba ma sabuwa kuke buƙata ba, naɗi za a sake mata, miliyan biyu ya isa.

Ɗan Kurmi: Mu miliyan tara aka ce mana, kowane gida ya ba da dubu talatin. Ta iso, aka yi walima, wata biyu ta sake bindiga. Da muka nemi rasit, ma'ajin kwamiti ya tafi Umara.

Gwauron Dare: Allah ya karɓa, ya sa ya yi wa taransifomar addu'a.

Maman Khalifa: Mu ba ma wannan ba. Na biya kuɗin mita tun bara, shiru, ga bil na ƙiyasi dubu sha takwas a ɗaki biyu, ko firij babu. Maƙwabtanmu an ce an mayar da su Band A, rukunin masu biyan wuta mafi tsada, tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225, kuma awa 20 ɗin da aka yi alkawari ba su taɓa ganin rabinta ba.

Mai Sola Na Sabon Gari: Shi ya sa nake cewa sola. Hajiya akwai biya kaɗan-kaɗan.

Injiniya Ba Satifiket: Hajiya wane irin mita kika biya, mai layi ɗaya ko mai uku? Kuma a banki kika biya ko a hannun wani? In a hannu ne, ɗauko rasit ɗin ki duba ko akwai lambar asusunki a jiki.