Sayen kafireto na hannu: me zan duba?

Mai tambaya: Jama'a, an yi mini tayin kafireton Keihin PE28 na hannu, ina so in ɗaura wa babur ɗina mai 150cc domin ya ƙara gudu. Me ya kamata in duba?

Bakanike: Malam, ka zaro silaid ɗin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin kafireto idan an murɗa totur, ka girgiza shi a cikin mazauninsa, domin idan ya cinye, iska za ta riƙa kutsawa, babur ba zai taɓa tsayawa a silo ba. Sannan ka buɗe kwanon mai da ke ƙasan kafireton ka duba tsatsa.

Tsohon ɗan acaɓa: Ɗan'uwa, jabun Keihin ya yi yawa a kasuwa. Na taɓa sayen irinsa, ya riƙa zuƙe fetur yana baƙanta fulogi.

Mai tambaya: Na gode, da bakanike zan tafi.