Lambar 300 ce ke gyara hoto, ko dai mun gaji maganar ce kawai?

Baba Mai Hoto, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Yaran nan masu turo mana aiki, don Allah ku riƙa sa 300 a wurin rezolushan, wato yawan fiksal (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) a kowane inci, kafin ku fitar da hoto. Duk hoton da ya fita da 72 lalatacce ne, a waya ne ko a takarda. Jiya aka kawo mini hoton amarya da 72, na buga a babbar takarda A3, zanen lallen hannunta ya koma wasu 'yan murabba'ai, ko furen ba a ganewa.

Ɗan Marwa: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ba ka haƙuri, amma a waya kam lambar nan ba ta yin komai. Ka ɗauki hoto mai fiksal 4000 a 3000, ka fitar da shi sau biyu, ɗaya 72 ɗaya 300, ba tare da ka taɓa yawan fiksal ɗin ba. Nauyinsu ɗaya, kyawunsu ɗaya. Allon waya fiksal yake ƙirgawa, bai san inci ba.

Baba Mai Hoto, Garwa: Kai yaro, tun ana wanke fim nake sana'ar nan. To me ya ɓata amaryar?

Ɗan Marwa: Ta ina aka turo maka shi, Baba?

Baba Mai Hoto, Garwa: Ta WhatsApp, kamar kowa.

Malam Mai Injin Buga, Ngaundare: To ga ɓarawon nan, Yaya. Idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp na rage shi, yawanci dogon gefen ya dawo wajen fiksal 1600, ya kuma matse shi. A3 kuwa tsawonta santimita 42 ne, inci sha shida da rabi ke nan. Raba 1600 a kai, ko ɗari ba ka samu a kowane inci ba. Da yaron ya rubuta 300 a jiki, haka lallen zai fashe. Mudun gero ɗaya ne: ka zuba a faifai ya yi tudu, ka baza a tabarma ka ga ƙasa. Geron bai ƙaru ba don ka canza sunan abin shanya.

Hajiya Mai Ɗinki, Kusiri: Ni fa kun ɓatar da ni. Hotunan kayan da na ɗinka nake sawa a Facebook da Instagram, wani ya ce in ba 300 ba ne masu saye ba za su ga aikin zare ba. In sa ko kar in sa?

Ɗan Marwa: Hajiya, ki manta da ita. Faɗi da tsawo za ki duba. Na Instagram ki ba shi faɗin fiksal 1080, na Facebook dogon gefe 2048, ingancin JPEG (nau'in fayil ɗin hoton) kuma kar ki sauke shi ƙasa sosai don tsoron data. Ita 72 ɗin ma gado ce daga allon kwamfutar Macintosh ta 1984, Windows kuma ya ɗauki 96. Wayar da ke hannunki ta wuce su nesa ba kusa ba.

Malam Mai Injin Buga, Ngaundare: Tsaya nan ƙanena, kar ka ɗauka ka kayar da Baba gaba ɗaya. Ka ce lambar ba ta yin komai, alhali akwai inda take yi. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom, in ka zaɓi fitar da hoto da santimita, misali 10 a 15, wannan lambar ce ke yanke yawan fiksal. Ka sa 300 ka samu wajen 1181 a 1772. Ka sa 72 ka tashi da abin da bai kai 300 a 450 ba, wanda ko maƙiyinka ba ka buga wa ba. Haka a Photoshop, cikin Taille de l'image, wato wurin canza girman hoto: muddin akwatin Rééchantillonnage, mai ƙara ko rage yawan fiksal, na da alama, ka sauke 300 zuwa 72, fiksal ɗinka ne ya zubar, kuma in ka adana ka rufe, sun tafi ke nan. Mu nan da santimita muke aiki, masu kawo aiki ma da santimita suke magana, saboda haka shawarar Baba ta tsare yara da yawa daga wannan ramin.

Baba Mai Hoto, Garwa: Alhamdu lillahi, ga mai gaskiya ya zo.

Ɗan Marwa: Malam, ai ba mu saɓa ba. A misalinka ma fiksal ɗin ne suka ragu, shi ya sa hoton ya mutu. Abin da nake ƙi shi ne yaro ya ɗauko hoton da WhatsApp ya riga ya tsotse, ya buɗe Photoshop ya rubuta 300, ya ce ya gyara. Manhajar ƙirƙiro fiksal take yi daga na kusa da su. Fayil ya yi nauyi, fuska ta yi laushi, zanen lallen da ya ɓace bai dawo ba.

Malam Mai Injin Buga, Ngaundare: Wannan haka yake. Wani abin kuma, ku riƙa duba ma'aunin da ke gefen lambar. Akwai fiksal a inci, akwai fiksal a santimita. 300 a inci daidai yake da 118 a santimita. Wani sai ya sa 300 a santimita, wato 762 a inci, ya zo yana cewa kwamfutarsa ta tsufa.

Ɗalibi, Injamena: Malamai, ina da tambaya. An ba ni aikin babban allon talla na leda, mita 3 a 2. Na sa 300, kwamfutar ta tsaya cak.

Malam Mai Injin Buga, Ngaundare: Dole ta tsaya. Ka nemi fiksal sama da dubu 35 a sama da dubu 23, fiye da miliyan 800 ke nan. Ita 300 ta abin da ake riƙewa a hannu ce, hoton albam, katin gayyata, hoton fasfo. Allon da za a kalla daga tsallaken titi, 72 ma ta ishe shi, sau da yawa ƙasa da haka. Rubutu da tambari dai ka bar su a zanen layi, wanda ba ya fashewa in an faɗaɗa shi, na manhajar Illustrator ko CorelDRAW, kar ka mayar da su hoto.

Baba Mai Hoto, Garwa: Wato yanzu 72 ɗin da na hana ita ake ba yaro shawara a gabana?

Malam Mai Injin Buga, Ngaundare: Ta allon titi, Yaya, ba ta amarya ba.

Baba Mai Hoto, Garwa: Ni dai a shagona doka ba ta canza ba. A4 ku kawo mini 2480 a 3508, ku kira shi duk sunan da kuka ga dama.

Ɗan Marwa: Baba, ai fiksal ka ƙirga yanzu.

Baba Mai Hoto, Garwa: Na ji. Kai da ka iya, kira dangin amaryar nan ka nuna musu yadda ake turo hoton asali ta Document a WhatsApp, hanyar da ba ta rage shi, don gobe da hantsi za su zo karɓa.