Neman kalma: cikin da likita ke cirewa saboda ran uwa ko lafiyarta

Mai fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe za mu naɗi shirin rediyo kan dokar zubar da ciki, na kuma tsaya cak a kan "therapeutic abortion". Idan na ce zubar da ciki, hankalin mai sauraro zai tafi kan cikin shege. Me zan ce?

Ungozoma: Wa alaikumus salam. Mu a ɗakin haihuwa cire ciki muke cewa. Kada dai ki ce ɓari, shi da kansa yake zuwa. Wankin ciki kuwa kwashe abin da ya saura a mahaifa ne bayan ɓari.

Barista: Hajiya, kowace kalma kika ɗauka, kada ta haɗe rai da lafiya, don doka ta raba su. Sashe na 232 na kundin hukunta laifuffuka na Arewacin Najeriya ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, sai fa idan an yi da kyakkyawar niyya don ceton ran matar. Rai kawai ya ambata. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kuwa, wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla kan haƙƙin mata, a sashe na 14, ta haɗa da lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, da fyaɗe. In kika ce "don lafiyar uwa" kina bayanin sashe na 232, kin faɗaɗa dokar da bakinki.

Malamin Hausa: Ai kalma ɗaya ta isa: ceton-uwa. Gajeriya ce, Hausa ce tsantsa, ba ta da ƙyama a kunne.

Likita: Malam, tiyatar haihuwa ma ceton uwa ce, ƙarin jini ma haka. Kalmar ta ɓoye cewa cikin zai tafi, alhali wajibi ne mace ta fahimci wannan kafin ta sa hannu. Kuma larurorin ba ɗaya ba ne. Ciki a wajen mahaifa ba ya rayuwa, in aka bar shi bututun ƙwai zai iya fashewa, jini ya taru a cikin ciki. Jijjiga da hawan jini mai tsanani ba sa lafawa sai an raba uwa da mabiyiya. Faya kan fashe tun ɗan tayi bai isa rayuwa ba, ƙwayoyin cuta su hau mahaifa. A nan ne matsalar take: yau lafiya ce ke cikin haɗari, jibi rai ne. Haka wata mata mai cikin mako 17, Savita Halappanavar, ta rasu a ƙasar Ayalan a 2012, bayan an jinkirta cire mata cikin ana jira bugun zuciyar ɗan tayi ya tsaya.

Ustaz: Littattafan fiƙihu isƙaɗi suka ce. A ce isƙaɗin larura.

Malamin Hausa: Allah gafarta Malam, kullum sai mun yi aro? Harshen da miliyoyi ke magana da shi bai gaza ba.

Ustaz: To ita larurar daga ina ta zo? Lafiya fa?

Ungozoma: Mu lalura muke cewa ma.

Malamin Hausa: Larura ce daidai a rubuce.

Barista: Don Allah a dawo kan batu. Ina goyon bayan cire ciki na larura a matsayin suna na gama-gari, sannan duk inda aka zo kan doka a warware: don ceton rai, ko don kare lafiya. Abin da doka ta ware daga hani kuma a ce togaciya.

Malamin Hausa: Ya yi tsawo, amma tun da gobe ne, a tafi a haka. Ni dai a aji ceton-uwa zan ci gaba da koyarwa.

Mai fassara: Na gode, na ɗauki ta Barista. Saura ɗaya: a na Maputo, lafiyar ƙwaƙwalwa zan ce ko lafiyar hankali?

Likita: Ƙwaƙwalwa. In kika ce hankali, za a ɗauka sai mace ta haukace tukuna.