Sigina, ishara ko maƙyafciya: wacce za a koya wa sababbin direbobi?

Direban Jidda: Assalamu alaikum. Jama'a, fitilar nan mai ƙyaftawa ta gefen mota, a gida sigina muke cewa, a nan kuwa kowa ishara. Abin da ake kira dawwar a nan dai ba gardama, shataletale ne. Ita fa?

Mai koyar da tuƙi, Makka: Wa alaikumus salam. Alhaji, ishara ba za ta yi ba, don a bakin mutanen Saudiyya danja ma ishara ce. Ka ce wa ɗan koyo "kula da ishara", sai ya ɗaga kai yana neman jar wuta. A shataletale kuwa aikin sigina uku ne. Mai fita a mafita ta farko ya kama layin dama, ya sa ta dama tun daga nesa. Mai miƙewa ya shiga ba komai a kunne, sai ya gota mafitar da ke kafin tasa ya sa ta dama. Mai zuwa hagu ko komawa baya ya shiga layin ciki da ta hagu, ya juya ta dama idan ya gota mafitar da ke kafin tasa. Kuma wanda ke ciki shi ke da hanya.

Direban Jidda: To a ce fitilar kwana mana.

Makanike, Madina: Haba Alhaji, ai sai a ɗauka ta gefen gado ce! Ni maƙyafciya na fi so, tunda wasu Larabawa gammaz suke ce mata, wato mai ƙyafta ido. Ƙyaftawar ma magana ce: lafiyayya tana yin 60 zuwa 120 a minti, in ta kama sauri fiye da yadda ta saba, galibi ƙwai ɗaya ya mutu. A kuma lura, sitiyari na kashe ta da kansa idan ya warware, shi ya sa take mutuwa a tsakiyar shataletale direba bai ankara ba.

Mai koyar da tuƙi, Makka: Kalmar ta yi daɗi, Malam, amma kafin ka gama furta ta ɗalibi ya wuce mafitarsa. A bar sigina, a ce "sa dama", "sa hagu". Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne lokaci: ka sa dama da wuri, mai jira a bakin hanya ya zaci fita za ka yi, ya shigo gabanka. In kana layin ciki kuma ka makara, kada ka yanko, sake zagaye ɗaya.

Direban Jidda: Shi ke nan, sigina. Saura filasha, mai kunna huɗun gaba ɗaya. Ita me za a ce mata?